Magaryar Alhaji Isuhu

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai wasunku su biyo ni har unguwar Panyu a nan Guangzhou, su hau benen nan hawa bakwai suna haki kamar an koro su, su baje a tsakanin tukwanena ana shan shayi. Ba a daɗewa sai wani ya miƙe ƙafa ya ce, "Baba Habu, kai dai ka gama hutawa. Mu muna can tashar jiragen ruwa ta Huangpu muna sa-in-sa da masu kwantena, kai kana nan kana ba furanni ruwa." Nakan yi dariya in ƙara masa shayi, don ba a faɗa da baƙo a kan tabarmar gida. Amma maganar tana cina, kuma tunda kun ƙi bari, bari in rubuta muku yadda sana'ar take. Da farko dai ba furanni nake raino ba, itatuwa ne. Sannan ba da ruwan da kuke gani kamar wasa shi ne abin da ya fi komai wuya a cikinta.

Ni ɗan lambu ne tun asali. A Kura aka haife ni, mahaifina yana da fangalan albasa da tumatir na noman rani. Karatun da ya yi mana guda ne: ruwa dukiya ne, in ya shigo fangali ka tare shi, ka toshe duk kafar da zai bi ya gudu. Ganye ya yi laushi, ƙishirwa ce. Ya yi rawaya, ƙishirwa ce. Da wannan karatun na girma, kuma a Kura karatu ne mai kyau. Na zo Guangzhou sayen takalma, na yi shekara huɗu ina kai da komo, sai kasuwa ta juya mini baya. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kowannenku ya san wani da ta yi wa haka.

Wata rana wani ɗan kasuwa ya aiko daga Kano in nemo masa furannin roba na ado. Na yi ɓatan kai a cikin kasuwar shuke-shuke ta yammacin gari, na faɗa wani lungu, na tarar da wani tsoho a tsugune yana farfasa busasshen taɓo da guduma. A bayansa ga itatuwa a jere a kan benci, kowanne da gindinsa da rassansa da tsufa irin na tsamiyar bakin kasuwa, amma babu wanda ya wuce gwiwata. Na tsaya ina kallo har la'asar ta kusa kufce mini. Washegari na dawo. A rana ta uku sai ya miƙo mini gudumar. Sunansa Liang, amma ban taɓa kiran sa da shi ba. Shifu nake ce masa, wato malam, kamar yadda duk mai koyon sana'a a nan yake kiran maigidansa.

Wata shida na yi ban taɓa almakashi ba, aikina fasa taɓo da wanke tukwane. Taɓon nan daga ƙasan tafkin kifi ake kwaso shi, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a farfasa shi gutsi-gutsi. Manya kamar goro su ake sawa a ƙasan tukunya, masu girman gyaɗa a tsakiya, ƙanana kamar wake a sama. Garin da ya zube ta rariya kuwa, wanda ni a idona shi ne ƙasa mai kyau, Shifu sharewa yake yi ya zubar. Abin ya dame ni har na tambaye shi, rabi da hannu rabi da guntun Sinancin da nake da shi a lokacin. Sai ya ɗebi ruwa ya kwarara a wata tukunya, kafin ya ajiye moɗar ruwan ya tsiyaye ta ƙasa. Ya nuna mini da yatsa ya ce, "Ruwa baƙo ne. Ya gaisa ya wuce." Na gyaɗa kai kamar na gane, alhali a raina cewa nake tsohon nan almubazzari ne.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Almakashi biyu, babba da ƙarami, da ɗan zarto, da rariya uku, da wata siririyar wuƙa ta yi wa itace aure, wato haɗa reshen wani da gindin wani, wadda Shifu yake wasawa da kansa, ba ya ba kowa aro. Amma sarkinsu duka shi ne tsinken cin abinci na gora. Za ka soka shi cikin ƙasa har ƙasan tukunya, ka bar shi kamar tsawon karanta Fatiha uku, ka zaro ka ɗora a kumatunka. In ka ji sanyi, ka ajiye gwangwanin ruwa ka yi gaba, ko da saman ƙasar ya yi fari fat. Tsinken yana da wani aikin kuma. Duk lokacin da hannuna ya kai ga gwangwani ban soka ba, sai in ji shi a bayan yatsuna, ƙwas. Ina ɗan shekara talatin da biyar, da gemuna, ana dukana da tsinke kamar ɗan makarantar allo. Ban taɓa jin haushi ba, don na ga yadda ruwa yake ruɓar da saiwa a garin da iskarsa kanta jiƙaƙƙiya ce.

Yadda ake ƙanƙanta itace a wannan yankin kuma ba da waya ake murɗa shi ba, ko da yake wasu suna yi don sauri. Barin reshe ake yi ya miƙe son ransa har ya yi kauri, sai a datse shi a bar kamar faɗin yatsa biyu. Sabon tsiro ya fito ta gefe, a bar shi shekara guda, a sake datsewa. Kowace lanƙwasa da kuka gani a jikin itacen nan da kuke ɗora kofin shayi a gindinsa shekara ɗaya ce ta rayuwata. Yana da goma sha ɗaya.

Aikin da ya fara nuna mini halin masu saye shi ne na wani lawban, wato maigida, mai masana'antar jakunkuna. Ya ga hoton wani ɗan itace a mujalla ya ce sai shi, don babu mai irinsa a unguwarsu. Wilo ake ce masa, amma ba irin dogon nan mai zubo da rassa a bakin tafki ba, wani wada ne a danginsu wanda yake rarrafe a kan duwatsun ƙasar ƙanƙara. Tsayinsa bai kai taƙi ɗaya ba, ganyensa kamar kunnen ɓera, in ya yi huda sai ya fito da wani gashi mai laushi kamar jelar 'yar kyanwa. Shifu ya ce masa garin nan ba garinsa ba ne. Lawban ya dage. Aka kawo shi a akwati daga can arewa mai nisa, muka sa tukunyarsa cikin wata babbar tukunya, muka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi don saiwarsa ta riƙa jin sanyi, muka yi masa rumfar raga ninki biyu. Da zafi ya tsananta, ni nake ɗaukar sa kullum da azahar in kai shi ɗakin da ke da na'urar sanyi, in fito da shi da yamma. Shekara guda muna wannan bauta har ya kama, ya yi huda. Lawban ya zo ya ɗauka, muka yi masa bayani dalla-dalla. Yana isa gida ya dasa shi a ƙofar falo a tsakiyar rana, don baƙi su gani. Kwana goma ya dawo da ƙirare a tukunya yana ta faɗa, wai mun sayar masa da mara lafiya. Shifu ya bar shi ya gama, sannan ya karɓi tukunyar ya ce, "Itacen bai yi laifi ba." Ranar ce na fara ganin ran tsohon ya ɓaci, har bai ci abincin rana ba.

Da na yi shekara shida a hannunsa sai na samu rufin benen nan na fara nawa, ina zuwa wurinsa sau ɗaya a mako. Masu sayena rabi Sinawa ne, rabi mutanenmu. Namu ba ruwansu da lanƙwasa ko tsufa, gida suke nema. Wannan ta ce lalle, wancan ya ce zogale. Akwai wanda ya taɓa ce mini in samo masa kukar da zai riƙa yin miya da ita a barandar da ko tabarma ba ta ɗauka, kuma yana so kafin Sallah. Nakan yi musu tsiya, amma ina gane abin da ke damun su, don ni ma shi yake damuna.

A cikin irin waɗannan ne Alhaji Isuhu ya zo mini. Dattijo ne mutumin Maraɗi, ya fi shekara ashirin yana safarar yadi daga nan, yana da shago a unguwar Dengfeng wanda babban ɗansa Laminu yake riƙewa. Ciwon ƙoda ya kama shi, sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda a asibiti. Ya hau benen nan yana hutawa a kowane hawa, ya zauna ya daɗe kafin numfashinsa ya dawo. Sannan ya zaro wani ƙullin leda daga aljihu, busassun 'ya'yan magarya ne guda goma sha biyu.

Ya ce, "Malam Habu, ba don ci na kawo maka ba. Bayan gidanmu can Maraɗi akwai wata magarya. Da ganyenta anka wanke kakana, da shi anka wanke babana da innata. Dokto ya hwaɗa mani gaskiya, ƙodar ga ba ta barina in tahi gida in zamna. To in ranar ta zo, ina son ruwan da za a wanke ni shi zan da ganyen gida. Kana iyawa?"

Kun san dai yadda muke yi, ana daka ganyen magarya a zuba a ruwan wankan mamaci. A nan wasu da garin da aka taho da shi daga gida suke yi, wasu da sabulu kawai, kuma malamai sun ce duk ya wadatar. Alhaji ya san wannan sarai, ba fatawa ya zo nema ba. Na ce masa, "In sha Allahu, Alhaji. Ka bar mini."

Ƙwallon magarya dutse ne, in ka binne shi haka nan sai ya shekara yana kallon ka. Na farfasa su a hankali na ciro ƙwayar ciki, na jiƙa kwana ɗaya, na shuka a yashi. Uku suka fito, ɗaya ta rayu. A cikin shekara huɗu ta kai ƙirjina, da ƙayarta da komai. Da Alhaji ya daina iya hawa bene, ni nake yanko masa ɗan reshe in kai masa Dengfeng, ya murza ganyen ya shinshina, ya ce in gaishe ta. Sau biyu aka yi rasuwa a cikin mutanenmu ya aiko in tsinka a ba su, ya ce icce ba shi da rowa.

Duk tsawon shekarun nan ban taɓa nuna wa Shifu ita ba. Kowane itace da ya gagare ni wurinsa nake kaiwa, amma wannan na ce tamu ce. Ni da na ci 'ya'yan magarya tun ina tsirara, me Basine zai gaya mini a kanta? Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu.

A shekara ta biyar jikin Alhaji ya fara rikicewa sosai, sai na ce bari in karrama itacensa. Na sayo wata ƙatuwar tukunya shuɗiya mai ƙyalli. Na yi tunani cewa rufin bene in bazara ta yi tanda ne, kada magaryar dattijo ta ji ƙishirwa ko na yini ɗaya. Na tankaɗe baƙar ƙasa mai laushi na cuɗa da taki, na ɗora sakaina a kan hudar ƙasan tukunyar, na liƙe gefenta da yumɓu don ruwa ya riƙa daɗewa. Fangalin babana na gina a cikin tukunya. Hannuna ne ya yi abin da ya koya a Kura, bai yi shawara da kaina ba.

Shekarar kuwa ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Ruwa ya sauko da wuri ya ƙi tsayawa. Kun san lokacin nan da bangon ɗaki yake gumi, wanki ya kwana uku bai bushe ba, takalmi ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. A wannan shekarar abin ya zarce makonni. Lallena ya tafi, zogale ya ruɓe daga gindi, wasu itatuwan da mutane suka ba ni ajiya ma suka bi. Ina ta fama da waɗannan sai na ga ganyen magarya ya yi laushi, wasu sun yi rawaya suna zuba. Na ja ta ƙarƙashin rumfa. Bayan kwana uku saman ƙasar ya bushe, ganye kuwa ya ƙara yin laushi. Tsinke yana soke a aljihun rigata, amma ban zaro shi ba. Na ce ai wannan ƙishirwa ce, na kwarara mata ruwa. Na sake, na kuma sakewa. Itacen da saiwarsa ta ruɓe ba ya iya shan ruwa, shi ya sa yake yin kama da mai ƙishirwa. Na san wannan kamar yadda na san sunana, amma a kan magarya sai na manta.

A makon aka kwantar da Alhaji a asibiti. Na je duba shi, muka gaisa, ya ce, "Yaya iccena?" Na ce, "Yana nan, Alhaji." Na fito ina jin kunyar kaina, don na san abin da na bari a ƙarƙashin rumfa.

Washegari ni da maƙwabcina muka sauko da tukunyar hawa bakwai, na ɗauki hayar mai kurkura zuwa lungun Shifu. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce mu kifar. Ƙasar ta fito a dunƙule tana wari kamar kwata, saiwar duk ta yi baƙi, kana taɓawa tana saɓulewa. Ya sa hannu a ƙasan tukunyar ya ɓamɓaro sakainar da yumɓunta, ya ɗaga ta a gaban fuskata ya riƙe. Da ma ya doke ni da tsinken, da na fi samun sauƙi. Ya nuna saiwar ya ce, "Meyo." Wato babu.

Amma bai tashi ba. Ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya yana kankarewa da farce, har ya samu biyu da suke da sauran kore a ƙarƙashin ɓawo. Ya duba ƙayar, ya juya bayan ganye, ya murza ya shinshina, sai ya yi wata 'yar dariya. Ashe magarya tana da 'yan'uwa a nan, manoma suna shuka su don 'ya'yansu kore masu girman ƙwai, waɗanda ni ma na sha saya a kasuwa ban taɓa kawo komai a raina ba. A bayan rumfarsa yana da ƙananansu, masu kaurin fensir, waɗanda saiwarsu ta saba da ruwan garin nan. Ya ɗauko wuƙarsa ya datse guda uku, ya tsaga kan kowanne. Ya fiƙe gutsuren reshen magaryarmu, ya cusa a tsagar yadda ɓawo ya haɗu da ɓawo, ya naɗe da zaren leda, ya kifa wa kowanne jaka. Ya ce a wurinsa za su zauna, ni kuma in je in wanke hannuna daga ba da ruwa.

Daga nan asibiti na wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zauna a gefen gadon na faɗa wa Alhaji komai, tun daga shuɗiyar tukunya har zuwa jakunkuna uku, ban rage wa kaina laifi ba. Ya ƙura wa silin ido, ni kuwa na ƙagu ya zage ni in huta.

Can ya ce, "To yanzu saiwar ta 'yan Chana ta?"

Na ce, "Tasu ce, Alhaji."

"Ganyen hwa?"

"In Allah ya sa ya kama, ganyen na bayan gidanku ne. Duk abin da ya fito sama da ɗaurin, na Maraɗi ne."

Ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam Habu, kai da saiwa ka taɓa ganin an yi wanka?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya kama hannuna ya ce, "Ka ce ma tsohon ga na gode. Amma ku yi hamzari, ni ma saiwata ta ruɓe."

Aure ba a yi masa hanzari. Kullum da safe nake shiga jirgin ƙasa in je in leƙa jakunkunan nan. A mako na biyu ɗaya ya yi baƙi, bayan kwana huɗu na biyu ya bi shi. Na ukun ya yi shiru, bai mutu ba bai motsa ba, har sai da ya kwana ashirin da uku sannan wani ɗan ido ya kumbura ya fashe. Na yi hamdala a tsugune a wurin. Da ya kai mako shida yana da ganye tara, kowanne bai wuce farcen babban yatsa ba. Na ɗauki hotonsa a waya na kai wa Alhaji, a lokacin magana ta fara yi masa wuya, ya dai daɗe yana kallo. Shifu ya gargaɗe ni cewa sabon aure da ganyensa yake haɗa jiki da gindin, kada a taɓa ko guda ɗaya sai baɗi.

Ranar wata Talata da hantsi Laminu ya kira ni. Ya ce, "Baba Habu, tsoho ya cika. Bayan azahar za a yi wanka." Bai tambaye ni ganye ba, yaron kirki ne, ya san halin da ake ciki. Na yi salati na kama hanyar lungun.

Na tarar da Shifu yana tankaɗe. Na gaya masa mai itacen ya rasu, kuma ganyen na zo ɗauka. Ya ajiye rariyar ya ja ni bayan rumfa. Gindi biyun da aurensu bai kama ba sun riga sun tofo da nasu ganyen, kore shar, ya fi cikin kwano. Ya tsinko ɗaya ya ɗora kusa da na magaryarmu, ya ce duba, dangi ɗaya ne, ɗebi nan. Gaskiya ya faɗa, in aka daka ko ni ba zan bambance ba, balle liman ko Laminu. Kuma da haka itacen zai rayu, baɗi ya yi rassa, mutanenmu su amfana shekara da shekaru. Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya na yi wannan lissafin, kuma duk ilimin sana'ata yana bayansa. Amma mutumin nan bai hau bene hawa bakwai da ciwon ƙoda don in ba shi dangi ba. Na riga na yi masa ƙarya sau ɗaya yana raye, ya yafe. Wannan karon ba shi da bakin yafewa.

Na tattaro duk Sinancina na yi wa Shifu bayani. Na ce da ganyen uwar itacen nan aka wanke mahaifinsa da mahaifiyarsa, a wani gari mai nisa da ba zai ƙara gani ba, kuma don wannan yinin kaɗai aka shuka shi.

Ya ce, "Zai mutu."

Na ce, "Na sani, Shifu."

Na zaro ƙaramin almakashina na tsuguna. Kafin in kai ga ganyen, sai ya karɓe almakashin ya ture ni gefe. Mutumin da bai taɓa yarda ko iska ta kaɗa sabon aure ba, shi ya tsuguna ya yanke su ɗaya bayan ɗaya daga ƙaramar sandar ganye, ba tare da ya girgiza ɗaurin ba. Ya cire bakwai ya bar biyu na can sama. Ya jiƙa farin ƙyalle ya naɗe su, ya miƙo mini da hannu biyu kamar yadda suke miƙa abu mai daraja.

Ganye bakwai ƙanana ba sa buƙatar turmi. A cikin kofin shayi na murje su da bayan cokali, na zuba ruwa kaɗan na kaɗa har ya yi 'yar kumfa, muka juye a ruwan wankan farko. Ina cikin waɗanda suka wanke shi, ni da liman da Laminu. Da ƙamshin ya tashi a ɗakin sai na kasa riƙe hawayena, na bar su suka zuba, hannuna yana aiki. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmi.

Sai bayan addu'ar uku na koma lungun. Ganye biyun da suka rage sun riga sun sunkuyar da kai, kuma kafin mako biyu reshen ya bushe har wurin ɗaurin. Wannan shi ne ƙarshen magaryar Maraɗi a garin nan, kuma ni na kashe ta, sau biyu ma, na farko da wauta, na biyu da sanina. A ranar da na koma ɗin na shirya jin faɗa, ko a ce mini ai an gaya mini. Shifu yana zaune a kan ɗan bencinsa, bai ko waiwayi itacen ba. Ya ɗago ya yi mini tambaya ɗaya.

"Ganyen ya ishe shi?"

Na ce, "Ya ishe shi."

Ya ce, "To, ba mu makara ba."